Wuyan Albasa

Ruwan daren Laraba ya cika kwatar Mile 12.
Ina cicciɓar buhu wayata ta zame,
na tsamo ta tana ɗigar baƙin ruwa.
Kwana biyu ta yi kwance cikin shinkafa
kamar mai jinya, ba ta farka ba.
Ta tafi da lambobin dillalan Aliero,
da lissafin bashin mutum goma sha ɗaya.

Ranar Asabar muka hau danfo zuwa Ikeja,
ni da Sallau, ɗan yayata mai karatu a Yaba.
Tun daga Ojota yake cika min kunne:
"Kawu, kar ƙyalli ya ja ka.
Waya manhajarta ce, sauran gwangwani.
Doki komai ƙibarsa,
in mahayin wawa ne, rami zai kai ka."

A layin Otigba janareta ɗari na tari.
Ejike, haifaffen Sabon Gari,
wanda Hausarsa ta fi ta Sallau gishiri,
ya ɗora min wata a tafin hannu:
"Malam, ji nauyi. Batir ke nan.
Kwana biyu ba ka neman wuta.
Ido uku a bayanta, gilashi kamar dutse.
Manhaja? Iska ce. Ka taɓa auna iska a mudu?"

Sallau ya ce iskar ce numfashi.
Ejike ya ce numfashi sai da huhu.
Suka sa ni tsakiya kamar ƙashi tsakanin karnuka,
ni kuma hannuna na kan aljihu,
don a nan ko inuwarka sai ka riƙe ta.

Na sulale.
Ƙarƙashin wani bene, wata mata, Morenike,
ta buɗe cikin waya tana gasa shi da dalma,
gawarwaki jere a kwali gefen ƙafarta.
Na ce, "Ke da kike wankan gawarsu,
me ya fi kashe su?"

Ba ta ɗago ba. Ta nuna da tsinke:
"Wannan lafiyar jikinta ƙalau,
kamfani ne ya daina leƙo ta,
banki ya ƙi buɗewa a cikinta,
gida ne mai kyau da aka yanke wa ruwa.
Waccan kuwa kanta cike da wayo,
batir ya kumbura ya ɗaga mata baya.
Direba gwani, mota ba birki.
Kai me kake sayarwa?"

Na ce albasa.
Ta yi dariya: "To me ya kawo ka wajena?"

Shekara goma sha tara ina wannan sana'a.
Ban taɓa sayen buhu don jan ɓawo ba,
ban kuma taɓa raina ɓawo ba,
shi ke tsare ta daga Kebbi har bakin teku.
Wuya nake dannawa da babban yatsa,
inda waje ya haɗu da ciki.
Nan ruɓa ke fara ɓuya.

Na koma na ce wa Ejike, "Kunna.
Buɗe banki, buɗe hoto, kira wannan lamba,
duk lokaci guda, mu ga ko za ta yi zazzaɓi.
Shekara nawa masu ita za su riƙa tuna ta?
In fuskarta ta fashe, akwai irinta a layin nan?"

Ta uku ce ta jure, wata toka-toka,
mai ido biyu kacal, ba ta da kwalliya.
Sallau ya taɓe baki. Ejike ma haka.

A danfo, wajen Ketu, ta yi ƙarar farko.
Magaji ne, mai bashin buhu shida,
yana tambaya wai gaskiya ne lissafin ya nutse.